Yajin Da Ke Kashe Baki: Daga Kasuwar Kajiji Zuwa Ƙasar Sin

Saura mako biyar mu fara jarrabawar WAEC, haƙorina na can ƙurya ta ɓangaren hagu ya fara zugi. Da rana ina iya daurewa, amma da dare ya yi sai in ji kamar ana buga ƙusa a cikin muƙamuƙina. A dare na uku kakata ta jiyo nishina daga ɗakinta, ta ɗaga labule ta leƙo.

"Maigida, mi as same ka kana nishi kamar tsohon jaki?"

"Haurena ka ciwo, Kaka."

Ta koma ta buɗe kwallar da take ajiye kayan yaji, ta ɗauko wani ɗan guntun ɓawo mai ruwan ɗorawa, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ta ce, "Tamna wanga, ka aza shi bisa hauren. Kak ka haɗiye miyau."

Da farko ɗaci na ji da ɗan yaji. Can sai harshena ya fara zir-zir, irin yadda ƙafa ke yi idan minjirya ta kama ta bayan dogon zama. Yawu ya cika mini baki. Kafin minti biyar duk wannan ɓangaren ya mutu, zugin ya kwanta, na yi barcin da na kwana uku ban yi ba. Da safe na tambaye ta sunan abin. Ta ce hwasaƙwari, wato fasaƙwari a bakin mutanen gabas. Na faki idonta na cika aljihuna da shi. Abin da ya biyo baya zan faɗa muku a gaba.

Ɗan'uwansa na ƙasar Sin

Bara, a ɗakin kwananmu na jami'a, wani aboki ya nuna mini bidiyon wasu matasa suna cin abinci a birnin Chengdu na lardin Sichuan, a kudu maso yammacin ƙasar Sin. Tukunya ce a tsakiyar tebur tana tafasa, romon ja wur, kowa na tsoma nama yana ci yana zufa. Wani daga cikinsu yana ta taɓa leɓensa yana dariya, yana cewa ba ya jin bakinsa. Ba barkono ne ya yi masa haka ba. Wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ne jajaye masu kama da masoro da ke yawo a saman romon.

Sinawa suna kiran wannan yaji huajiao, ana furta shi kamar "hwa-jiyau", ma'anarsa yajin fure. Da na nemi sunansa na kimiyya sai na ga Zanthoxylum bungeanum. Sunan ya tsaya mini a rai, domin na taɓa ganinsa a wani jerin tsirran magani na ƙasar Hausa. Na koma na duba. A gaban kalmar fasaƙwari an rubuta Zanthoxylum zanthoxyloides.

Duk wanda ya zauna a ajin bayoloji ya san tsarin da Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, ya kafa: kowane tsiro suna biyu ne da shi, na farko sunan gidansu, na biyu nasa na kansa. Shi Linnaeus ɗin ne ya raɗa wa wannan gida suna Zanthoxylum a 1753, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin itace mai ruwan ɗorawa. Kun tuna launin ɓawon da Kaka ta ba ni? Ashe abin da ke kashe bakin matasan Chengdu da abin da ke cikin kwallar Kaka a Kajiji 'yan gida ɗaya ne. Gidan babba ne, yana da nau'i fiye da 200 a Asiya da Afirka da nahiyar Amurka, kuma dukkansu dangin lemu ne. Shi ya sa idan ka murza huajiao za ka ji ƙamshi kamar na ɓawon lemun tsami.

Wannan dangantaka da lemu ta taɓa jawo masa kora. Daga 1968 zuwa 2005 Amurka ta hana shigar da huajiao ƙasarta, don tsoron kada ya ɗauko wata ƙwayar cuta da ke lalata itatuwan lemu. Da aka ɗage haramcin, sai da aka gindaya sharaɗin a riƙa turara shi da zafi kafin a shigo da shi.

Ɗakin sarauniya mai bangon yaji

Bambanci na farko tsakanin 'yan'uwan biyu shi ne ɓangaren da ake amfani da shi. Mu ɓawon saiwa da na jikin itacen muke saya. Su Sinawa ɓawon 'ya'yan suke so. Idan ɗan itacen ya nuna sai ya tsage, a fitar da baƙar ƙwayar da ke ciki a zubar domin tana gurzar haƙori kamar yashi, a shanya jan ɓawon. Gundumar Hanyuan ta lardin Sichuan ta yi suna wajen nomansa, har a zamanin da ana kai nata fadar sarki a matsayin gaisuwa.

Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, a zamanin daular Han, akan kwaɓa huajiao da ƙasa a yaɓe bangon ɗakin matar sarki da shi. Sunan ɗakin ma jiaofang, wato ɗakin yaji. Dalilai uku aka bayar: ɗumi, da ƙamshi, da fatan haihuwa, saboda itacen yana zuba 'ya'ya da yawa. Wanda ya ga yadda ake gyara ɗakin amarya a garuruwanmu da turaren wuta ba zai yi mamakin wannan tunani ba.

A lokacin babu barkono a ƙasar Sin, kamar yadda babu shi a ƙasar Hausa. Asalin barkono nahiyar Amurka ne, kuma sai bayan tafiyar Columbus ta 1492 ya bazu a duniya. Ya isa ƙasar Sin wajen ƙarshen ƙarni na 16. Kafin zuwansa, da huajiao da citta Sinawa ke yaji, mu kuma da masoro da kimba da citta da fasaƙwari. Da barkono ya iso Sichuan sai aka haɗa shi da huajiao, aka samu ɗanɗanon da suke kira mala: ma shi ne mutuwar baki, la kuma zafin yaji. Har yau shi ne tambarin girkin lardin. Haka kuma huajiao na cikin sanannen garin yajinsu mai haɗi biyar, inda yake zaune tare da kanumfari da kirfa.

A ɓangaren magani, littattafan likitancin gargajiya na Sinawa, har da babban kundin Li Shizhen da aka buga a 1596, sun sa shi cikin magunguna masu ɗumama ciki. Ana ba da shi don ciwon ciki da amai da zawo da tsutsar ciki, ana dafa shi a wanke fata mai ƙaiƙayi da ruwan, ana kuma sa shi a haƙori mai ciwo. Littattafan ba su ɓoye cewa yana da 'yar guba ba, sun yi gargaɗi a kan yawan shansa. A Japan akwai ɗan'uwansa sansho, wanda ke cikin wani haɗin gargajiya mai suna daikenchuto da likitocin asibiti ke ba marasa lafiya bayan tiyatar ciki don hanji ya koma motsi. A Nepal sunansa timur. A Amurka kuwa, 'yan asalin ƙasar sun daɗe suna tauna ɓawon nasu nau'in, har ake kiransa itacen ciwon haƙori.

Ku lura da wannan: mutanen da teku ya raba, ba su taɓa jin labarin juna ba, kowa ya gano da kansa cewa itacen wannan gida yana kwantar da ciwon haƙori. Idan shaidu suka zo daga garuruwa daban-daban suka faɗi magana ɗaya, akwai ƙamshin gaskiya a cikinta.

Me ke faruwa a harshe?

A cikin fatar leɓe da harshe akwai siraran jijiyoyi masu kai saƙo ƙwaƙwalwa, kuma kowace da aikinta. Wasu zafi suke ji, wasu sanyi, wasu taɓawa, wasu ciwo. Sinadarin barkono, kafsaisin, yana yaudarar jijiyoyin zafi ne. Yana buɗe wata 'yar ƙofa a jikinsu wadda a ƙa'ida sai zafi ya kai wajen digiri 43 a ma'aunin Selshiyas take buɗewa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka wuta ce ta taɓa bakin. David Julius na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco da abokan aikinsa ne suka gano wannan ƙofa a 1997, kuma aikin na cikin abin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian.

Shi huajiao wata hanya yake bi. Sinadarinsa sunansa sanshul, daga sunan sansho na Japan. A 2008 Diana Bautista da Julius da sauran abokan bincikensu suka nuna cewa sanshul yana toshe wasu ƙofofi da sinadarin fotasiyam ke fita ta cikinsu daga jijiya. Waɗannan ƙofofi su ne ke sa jijiya ta zauna lafiya idan ba abin da ya taɓa ta. Da zarar an toshe su sai jijiyar ta fara aika saƙo ba dalili, har da jijiyoyin taɓawa. Ƙwaƙwalwa kuwa abin da aka aiko mata take karantawa, sai ta ce ana girgiza leɓen.

Wasu masana a Kwalejin Jami'a ta Landan, cikinsu har da Nobuhiro Hagura da Patrick Haggard, sun so su auna saurin wannan girgiza. A binciken da suka buga a 2013, sun shafa wa mutane huajiao a leɓe, suka ɗora yatsansu a kan wata na'ura mai karkarwa, suna sauya saurinta, suna tambayar kowa ko ta fi abin da yake ji a leɓe sauri ko ba ta kai ba. Amsar ta tsaya a wajen karkarwa 50 a daƙiƙa ɗaya. 'Yan ajin fiziks sun san wannan lamba: hertz 50, daidai da saurin juyawar wutar lantarkin da ake rabawa a Najeriya. Wanda ya ce yajin nan kamar shokin yake yi bai yi nisa da gaskiya ba.

To ina mutuwar bakin take fitowa? A wannan shekara ta 2013 ɗakin binciken Bautista ya nuna cewa sanshul yana kuma rufe ƙofofin sodiyam a wasu jijiyoyin ciwo. Sai an buɗe waɗannan ƙofofi saƙon ciwo ke tafiya. Irinsu ne allurar likitan haƙori ke rufewa kafin ya cire haƙori, sai dai allurar ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma an san adadin da ake bayarwa.

Fasaƙwarinmu ma an bincike shi. Tun 1963 wasu masana kimiyyar sinadarai biyu, Bowden da Ross, suka buga sakamakon aikinsu a kan abin da ke kashe baki a saiwarsa. Sinadarin, wanda ake kira felitorin, ɗan dangin sanshul ne, gininsu ya yi kama. Kenan Kaka ba tatsuniya ta ba ni ba. Abin da ke cikin kwallarta yana aiki, kuma kimiyya ta san dalili.

Fasaƙwari a gida

Itacen fasaƙwari mai ƙaya ne, yana fitowa daga Senegal har zuwa Kamaru, ya fi son wuraren da suka fi namu damina. Yarbawa suna kiransa orin ata, wato asuwaki mai yaji, kuma saiwarsa suke tauna don wanke baki. A wurinmu, je ka rumfar masu kayan yaji a kasuwar Kajiji ko Shagari ko Bodinga, ko babbar kasuwar Sakkwato, za ka same shi a jere da kimba da kanumfari da masoro da busasshiyar citta. Yana shiga yajin daka, musamman wanda ake yi wa mai jego, wasu kuma na jefa shi a kunu ko a romo don ƙamshi da ɗumama jiki lokacin hunturu.

Wani dattijo mai sayar da shi ya lissafa mini abin da masu saye ke nemansa dominsa: ciwon haƙori, ciwon maƙogwaro, kumburin ciki, sanyin ƙashi. Na ce, "Baba, duk yana warkar da su?" Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ni dai na san shina kwantar da ciwo. Warkarwa ta Allah ta." Na daɗe ina juya wannan amsa, domin ta fi ta masu lasifika a tasha gaskiya, waɗanda ke cewa ƙullin magani ɗaya yana maganin cuta arba'in.

Abin da ya faru da haƙorina

Mu koma ga aljihun da na cika. Kullum ciwo ya motsa sai in tauna fasaƙwari, wani lokaci in haɗa da kanumfari, wanda shi ma yana da mai mai kashe zafi da likitocin haƙori suka daɗe suna amfani da shi. Ban gaya wa Baba ba, ina tsoron a ce a je asibiti a Sakkwato in rasa darasi, ina kuma tsoron a cire mini haƙori. Bayan kamar mako uku ciwon ya ɗauke ɗif, ko ban tauna komai ba. Na yi murna, na ce na warke.

Saura kwana huɗu mu rubuta takardar farko na tashi da zazzaɓi, kumatuna na hagu ya kumbura har idona ya ƙanƙance, bakina ba ya buɗuwa sosai. Da asuba Baba ya sa ni a mota. Likitar da ta duba ni ta tambayi tun yaushe, na faɗa mata gaskiya. Ta zana mini hoton haƙori a bayan kati ta yi mini bayanin da har yau ban manta ba.

Haƙori hawa uku ne. Na waje shi ne farin ɓawo, wanda ya fi komai tauri a jikin mutum. A ƙarƙashinsa akwai wani mai ɗan taushi, can tsakiya kuma akwai ɓargo mai jijiyoyi da hanyoyin jini. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a baki suna cin ragowar sukari, su fitar da ruwa mai tsami da ke narkar da ɓawon a hankali har ya yi kogo. Babu wata tsutsa a ciki, duk da cewa mu da Sinawan da da mutanen tsohuwar Iraƙi duk mun yi imani da tsutsar haƙori. Idan kogon ya kusa ɓargo sai zugi ya fara. Zugin nan ƙararrawa ce. Ni kuwa mako uku ina kashe ƙararrawa, ɓarawo na cikin gida yana aikinsa. Ranar da ciwon ya ɗauke, jijiyar haƙorin ce ta mutu. Daga nan ƙwayoyin cutar suka gangara ƙarƙashin saiwa suka tara mugunya.

Ta ce da na zo a makon farko, da cike kogon kawai za a yi in koma makaranta a ranar. Ta ce kuma irin wannan kumburi idan ya gangara ƙarƙashin haɓa yana iya toshe hanyar numfashi, kuma ana mutuwa ta haka. An fitar da mugunyar, an ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta, daga baya aka cire haƙorin. Na rubuta takardar farko da kumatu kamar na saka goro, kuma sakamakonta ya nuna hakan. Gurbin haƙorin yana nan, harshena na ziyartarsa kullum.

Kada mu raina ciwon bakin ƙannenmu

Mu manya muna iya faɗin inda ke mana ciwo. Yaro ɗan shekara uku kuka kawai zai yi, ya ƙi abinci. A jiharmu wannan ba ƙaramar magana ba ce, saboda cutar da ake kira noma. Sunan daga Girkanci yake, ba ruwansa da noman gona. Tana kama yara, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda rashin abinci mai gina jiki ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya raunana. Tana farawa da kumburin dasashi da zubar jini da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta ci kumatu ta huda fuska. Idan ba a yi magani ba, tana iya kashe har tara cikin goma na yaran da ta kama. Idan kuwa aka kai yaro tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau suna tsayar da ita.

A birnin Sakkwato akwai asibiti na musamman don wannan cuta, wanda aka kafa a 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranci gabatarwa. Kai da ke karanta wannan shafi, wataƙila kai ne mai ilimin boko mafi zurfi a gidanku. Idan ka ga dasashin ƙaninka ya kumbura yana jini, bakinsa na wari, ba lokacin shafa yaji ko jiƙo ba ne. A ranar za a kai shi asibiti mafi kusa.

Fasaƙwari da amosanin jini

Akwai wani babi na tarihin wannan itace da ya kamata kowane ɗalibin Najeriya ya sani. A 1971 Abayomi Sofowora na Jami'ar Ife, wadda yanzu ake kira Jami'ar Obafemi Awolowo, da abokin aikinsa Isaacs suka buga binciken da ya nuna cewa ruwan saiwar fasaƙwari yana sa ƙwayoyin jinin mai sikila da suka lanƙwashe kamar lauje su koma siffarsu a cikin kwalbar gwaji. Wannan ya buɗe ƙofar bincike na shekaru masu yawa. A Burkina Faso masana sun haɗa wani magani mai suna FACA daga fasaƙwari da tumfafiya. A Abuja kuma cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, ta samar da Niprisan daga wasu tsirrai huɗu, uku daga cikinsu sanannu ne a gidajenmu: masoro da kanumfari da karan dafi.

Abin alfahari ne, amma a kula. Abin da ya faru a kwalbar gwaji mataki na farko ne kawai. Kafin a kira abu magani sai an san adadin da ke aiki, da adadin da ke cutarwa, da abin da yake yi wa hanta da ƙoda idan an daɗe ana sha, sannan a gwada shi a kan mutane da yawa. Jiƙon da aka yi a gida ba wanda ya san ƙarfinsa, na yau daban da na gobe. Tumfafiya ma kowa ya san ƙullonta guba ne. Mai sikila kada ya bar magungunan da asibiti ta ɗora shi a kai, da yawan shan ruwa, da kwana a gidan sauro, saboda wani ya ce masa fasaƙwari ya isa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Najeriya duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rukunin AS. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Babu saiwar da ke sauya wannan lissafi. Abin da ke hannunmu mu matasa shi ne mu san rukunin jininmu tun kafin soyayya ta yi nisa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, a daina amfani da shi?

A'a. Ɗan abin da ake sawa a yaji ko a kunu, mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna ci, a nan da can ƙasar Sin. Idan haƙori ya tashe ka da tsakar dare a ƙauyen da ba likita, tauna ɗan guntu ka tofar don ka samu barci ba laifi ba ne, muddin da gari ya waye ka nemi asibiti. Ga abin da ya kamata a kiyaye:

Ciwon haƙorin da ya wuce kwana biyu na likita ne, ko da ya lafa. Wanda ya ɗauke da kansa bayan doguwar azaba ya fi zama abin tsoro.

Kumburin fuska, zazzaɓi, kasa buɗe baki ko wahalar haɗiya, duk alamun gaggawa ne. Ba a jira gobe.

Kada a sa ruwan batir ko fetur ko garin asfirin a kogon haƙori. Ƙona dasashi suke yi, kogon kuma yana nan.

Mai ciki da ƙaramin yaro da mai gyambon ciki su nisanci jiƙon fasaƙwari mai ƙarfi. Wanda ke shan maganin asibiti ya gaya wa likitansa duk wani na gargajiya da yake haɗawa da shi.

A wanke baki safe da dare da man goge baki mai sinadarin fuloraid, a riƙe asuwaki, a rage alawa da lemun kwalba, musamman dab da barci.

Da na je hutun da ya wuce, na nuna wa Kaka bidiyon mutanen Chengdu, na ce mata abin da ke cikin tukunyarsu ɗan'uwan hwasaƙwarinta ne. Ta kalla ta girgiza kai, ta ce waɗanga mutane da lafiyarsu lau suke kashe bakinsu. Sai na tsokane ta, na ce ai ita ta sa na rasa haure. Ta ajiye carbinta ta dube ni.

"Maigida, ni dare guda nib ba ka shi don ka samu kwana. Wa ya aike ka ka cika aljihu?"

Ban da amsa. Washegari na tara ƙannena uku a tsakar gida, na kunna fitilar waya, na ce kowa ya buɗe baki. A bakin autarmu na hango ɗan baƙin ɗigo a haƙorin ƙurya. Ba ta fara jin ciwo ba tukuna. Ranar Litinin muka kai ta aka cike shi, kafin azahar mun dawo gida.